Farar giyar inabi mai ɗan zaƙi: sukari aka zuba mata, ko lalacewa ta fara yi?

Tambaya: Ni 'yar Jos ce, ina koyon aikin otal a birnin Trier na ƙasar Jamus. Kwanan baya makarantarmu ta kai mu wata ƙaramar gonar inabi ta iyali guda a bakin kogin Mosel, aka zuba mana farar giya ta inabin Riesling mu ɗanɗana. A jikin kwalbar an rubuta feinherb. Da na kurɓa sai na ji zaƙi, amma kafin in haɗiye tsami ya taso har yawu ya cika mini baki. Abokan karatuna suna ta cewa suna jin ƙanshin tuffa da na dutse, ni kuwa na ja bakina na yi shiru. Sukari suka zuba mata ne, ko ta fara lalacewa? Kuma idan baƙo ya tambaye ni ko tana da zaƙi, me zan ce masa?

Amsa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Ba a zuba mata sukari ba, ba ta kuma lalace ba. Abin da kika kwatanta, zaƙi a gaba, tsami na biye da shi har baki ya kawo yawu, shi ne ainihin abin da manomin ya yi shekara guda yana nema. Harshenki ya yi aikinsa daidai, sunayen abubuwan ne kawai ba ki riga kin samu ba.

Zaƙin na inabin ne kansa. Idan aka matse inabi, ruwan yana fitowa da sukari mai yawa, a wannan yanki sau da yawa tsakanin giram 170 zuwa 200 a kowace lita. Sai yisti ya hau cin sukarin yana mai da shi barasa da iska, kusan giram 17 na sukari kan ba da kashi 1 cikin ɗari na barasa. In aka bar yistin ya cinye kusan duka, an sami giyar da Jamusawa ke kira trocken, wato marar zaƙi. In kuwa aka tare shi kafin ya gama, ragowar sukarin yana nan a cikin kwalba. Yadda ake tare shi ba wani asiri ba ne: a sanyaya tankin sosai har yistin ya lafa, a sa ɗan sinadarin sulfa, a tace. A wasu tsofaffin ɗakunan ajiya na ƙarƙashin ƙasa ma sanyin hunturu ne ke tsayar da aikin da kansa, manomi ya ɗanɗana ya ga ta tsaya inda yake so, ya ƙyale ta. Akwai wata hanyar da doka ta yarda da ita, a ajiye ruwan inabin da bai tsimu ba a ƙara shi daga baya, amma ɗauko sukarin buhu a zuba wa giyar da ta gama don ta yi zaƙi haramun ne a dokarsu. Inda aka halatta sukarin buhu shi ne kafin tsimawa, a giyar da ba ta kai babban mataki ba, kuma don a ƙara ƙarfin barasa ake yi, yistin ne ke cinye shi.

Wani abu da ke ƙara wa zaƙin armashi shi ne sukarin inabi iri biyu ne, gulukos da furuktos, kuma yisti ya fi saurin cin na farkon. Abin da ya rage idan aka tsayar da tsimawa yawanci furuktos ne, wanda ya fi zaƙi a harshe, zaƙinsa kuma ya fi kama da na 'ya'yan itace.

Dokar Tarayyar Turai ta yanka wa kalmomin da ke jikin kwalba iyaka da lissafi. Trocken ba ta wuce giram 4 na sukari a lita, sai dai an yarda ta kai 9 muddin sukarin bai ɗara tsamin da fiye da giram 2 ba. Halbtrocken, mai ɗan zaƙi, tana kaiwa giram 12, ko 18 idan sukarin bai ɗara tsamin da fiye da giram 10 ba. Daga nan har 45 sunanta lieblich, abin da ya kai 45 zuwa sama kuma mai zaƙi ce sosai. Ki lura da yadda dokar kanta ta ɗaure sukari da tsami a igiya ɗaya. Don ki ga ƙanƙantar abin, giram 18 bai wuce cokalin shayi huɗu da rabi a lita guda ba, alhali lemun kwalba irin Coca-Cola yana ɗauke da sama da giram 100.

Ita kuwa feinherb da kika gani, doka ba ta sa mata lamba ba. Manoman Mosel sun rungume ta ne saboda halbtrocken ta yi musu ƙunci, kuma masu saye da yawa sun daina ganin girman kalmar. Manomi ɗaya zai kira giya mai giram 12 feinherb, maƙwabcinsa ya kira mai giram 25 da sunan nan. Wasu na ganin wannan ruɗa mai saye ne. Ni dai ina bayan manoman, domin a Mosel lambar sukari ita kaɗai ba ta gaya maka yadda giya za ta zauna a baki.

Ruwa ba ya tsami banza, na Mosel kuwa dalilinsa a fili yake. Kogin ya taso daga tsaunukan Vosges na Faransa, ya bi iyakar Luxembourg, ya wuce ta Trier inda kike, ya yi ta lanƙwasa har ya faɗa kogin Rhein a Koblenz. Wurin yana arewa ƙwarai, kusa da iyakar inda inabin giya ke iya nuna da kyau. Rana ba ta da ƙarfi, dare akwai sanyi, inabi yana nuna a hankali har cikin watan Oktoba. Inabin da ya nuna cikin sanyi ba ya zubar da tsaminsa kamar na ƙasashe masu zafi, Riesling kuma dama can iri ne mai tsami. Giram 7 zuwa 9 na tsami a lita ba abin mamaki ba ne a wurinsu, a shekara mai sanyi ya wuce haka. Shi ya sa suke dasa inabin a gangaren tsaunuka masu fuskantar kudu, kan dutsen nan mai falle-falle da ke shan zafin rana ya riƙe shi zuwa dare. A Bremm akwai gangaren da ake kira Calmont, wanda ake lissafa shi cikin gonakin inabi mafi tsayuwa a Turai, wasu sassansa sun kai wajen digiri 65. Tarakta ba ta hawa irin wannan wuri, da hannu ake komai, kaya kuma a ɗora kan wani ɗan keken dogo mai layi ɗaya.

Babban sinadarin tsamin da ke cikin inabi shi ne wanda ke cikin tsamiyarmu ta gida. Ki tuna mai dama kunun tsamiya. Idan tsamiyar ta yi ƙarfi, cokalin sukari biyu ba ya sa a ce kunun ya yi zaƙi, kaifin tsamin kawai yake karyawa. Amma a zuba cokali biyun nan a kunun da ba tsamiya, kowa zai ce an cika sukari. Haka abin yake a kwalba. Riesling mai giram 15 na sukari da giram 9 na tsami za ta iya zama a baki kamar ba ta da zaƙi, wata farar giyar ta ƙasa mai zafi kuwa mai giram 8 na sukari da ɗan tsami kaɗan ta gundure ki tun kurɓi na biyu. Saboda haka tambayar da ƙwararre ke yi wa kansa ita ce ko tsamin ya iya ɗaukar zaƙin, kuma a ƙarshen kurɓi ake samun amsar.

Ga yadda za ki gwada a natse. Kwalbar ta yi sanyi kamar digiri 8 zuwa 10. In ta yi sanyi ƙarara daga firji, ƙanshin zai ɓuya, zaƙin ya ragu, tsamin ya yi kaifi. In ta yi ɗumi, zaƙin ya yi nauyi. Ki zuba kaɗan a kofin gilashi mai ƙafa, ƙasa da sulusinsa, ki riƙe ta ƙafar don kada tafin hannunki ya ɗumama ta. Kada ki zo da turare a jiki, kada kuma ki ɗanɗana bayan kin goge baki ko kin sha kofi. Ki duba launi a kan farar takarda: sabuwar Riesling fara-fara ce mai ɗan kore, tana tsufa tana komawa ruwan zinariya. Ki sansana tun kofin na tsaye, sannan ki juya shi a hankali ki sake sansanawa, domin juyawar ce ke sakin ƙanshi.

Kurɓin farko kada ki yanke masa hukunci, baki ne ke sabawa da tsami. A na biyu ki riƙe giyar a baki ɗan lokaci, ki zagaya da ita ko'ina, ki ja 'yar iska ta tsakanin leɓɓa idan za ki iya ba tare da kin ƙware ba. Sai ki tofar. Tofarwa ba rashin ladabi ba ne, don ita aka ajiye bokitin da kika gani a kan teburin, kuma duk mai wannan sana'a da ke ɗanɗana giya goma ko ashirin a zama ɗaya tofarwa yake yi. Bayan kin tofar ki sunkuyar da kai kaɗan ki saurari bakinki. Idan yawu ya ci gaba da tsattsafowa daga gefen harshe, bakin ya wanke tas, kina jin sha'awar cin wani abu, to tsami ya yi aikinsa, giyar ta daidaita. Idan harshe ya yi danƙo, zaƙi ya maƙale a ganɗa kina neman ruwa, zaƙin ya fi ƙarfin tsamin. Idan kuma haƙoranki suka mutu, fuska ta yamutse, tsamin ne ya yi yawa, da manomin ya bar sukari fiye da haka da ya fi. Sai kuma daɗewar ɗanɗanon: giya mai arha tana ɓacewa da zarar ta bar baki, mai kyau tana nan ana jin ta bayan an yi numfashi da yawa.

Hanci yana yaudarar harshe, wannan ma ki sani. Giyar da ke ƙanshin nunannun 'ya'yan itace tana sa mutum ya rantse akwai zaƙi ko da babu. In kina shakka, ki toshe hanci ki taɓa giyar da harshe. Abin da ya rage shi ne zaƙi na gaskiya.

Batun tuffa da dutse kuwa, abokan karatunki suna kiran abin da suka tashi suna ci ne. Ba a sa tuffa a ciki ba, sinadaran ƙanshi ne da inabi da yisti ke samarwa, wasunsu kuma ana samun irinsu a wasu 'ya'yan itace. Ke ma kina da naki ma'ajin: ɓawon lemun tsami, ɗanyen mangwaro, abarba, gwaiba, zuma. In abin da hancinki ya tuna ke nan, ki faɗe shi ba kunya, malami na ƙwarai zai karɓa. Na dutse ya fi wuyar sha'ani. Mutanen Mosel suna alfahari da dutsensu, suna cewa mai shuɗi-shuɗi da mai ja-ja irin na Ürzig ba sa ba da giya iri ɗaya, kuma duk wanda ya jera kofunan zai yarda akwai bambanci. Sai dai saiwar inabi ba ta tsotso ɗanɗanon dutse ta kai shi kwalba. Dutsen yana sauya ɗumin ƙasa da yadda ruwa ke tsanewa da yadda inabin ke nuna, abin da ake kira ɗanɗanon dutse kuma yawanci tsami ne mai kaifi da wani ɗan gishiri-gishiri da ƙanshi irin na dutsen ƙyastu ko jiƙaƙƙen tsakuwa. Wata rana kuma za a miƙo miki tsohuwar Riesling ki ji tana bugun hanci da warin kananzir. Ba zubewa ya yi a ciki ba, wani sinadari ne da ake kira TDN da ke ƙaruwa da shekaru, ya fi yawa a inabin da ya sha rana sosai. Kaɗan daga cikinsa masoyan Riesling na nemansa, in ya yi yawa ni kam ina ganin ya danne komai.

Lalacewa ta gaskiya tana da alamunta, kuma a otal dole ki san su. Warin jiƙaƙƙen kwali ko ɗakin da ya daɗe a rufe da danshi yana nufin toshiyar kwalbar ta gurɓata giyar, a mayar da ita. Launin da ya koma ruwan ƙasa a giyar da ba ta tsufa ba, da warin tuffar da aka yanka aka bari ta kwana, iska ce ta shige ta. Warin ruwan kal kuwa ba sai an gaya miki ba. Ita mai ɗan zaƙi tana da nata haɗarin na daban: tun da akwai ragowar sukari, idan ba a tace ta da kyau ba yisti na iya farfaɗowa a cikin kwalba, sai ki ga ta yi gurɓi-gurɓi tana kumfa da warin ƙullu. Amma 'yan ƙananan ƙwayoyin iska da ke manne a jikin kofi suna ɗan tsikarin harshe, a giya garau, al'adar sabuwar giyar Mosel ce. Haka 'yan ƙwayoyi masu kama da gishiri ko fasasshen gilashi a gindin kwalba, daskararren tsamin inabi ne, ba ya cutarwa.

Kasancewar gonar ƙarama ce yana da tasiri a kan abin da kika sha. Babban kamfani yana sayen inabi daga wurare da yawa ya gauraya don kwalbar bana ta yi daidai da ta bara. Iyalin da ke da 'yan hektoci ba su da wannan damar, ba sa ma nemanta. Shekarar 2018 ta yi zafi ƙwarai, inabi ya nuna da wuri da sukari mai yawa da tsami mai laushi. Shekarar 2021 ta zo da sanyi da ruwa, tsami ya yi kaifi. Manomi mai hankali zai bar sukari da ɗan yawa a shekara irin 2021, ya rage a irin 2018, sunan da ke kan kwalbar kuwa bai sauya ba. Wannan ne amfanin feinherb a wurinsa. Idan kin koma, ki tambaye shi lambobi biyu, ragowar sukari da yawan tsami. Ya san su da ka, kuma yawancinsu suna jin daɗin a tambaye su.

Idan ba manomin a kusa, kwalbar ma tana magana. Ki fara duba ƙarfin barasa. Riesling ta Mosel mai kashi 12 zuwa sama galibi marar zaƙi ce, mai 10 zuwa 11.5 nan ne masu ɗan zaƙi suka fi taruwa, mai 7.5 zuwa 9 kuwa an bar mata sukari sosai, tun da sukarin da bai zama barasa ba yana nan. Kalmomin Kabinett da Spätlese da Auslese suna rikita sababbi. Dokar giya ta Jamus ta 1971 ta tsara su ne bisa yawan sukarin inabi ranar da aka tsinke shi, ba bisa zaƙin abin da ke cikin kwalba ba, shi ya sa ake samun Spätlese trocken. Amma a Mosel, in kin ga Kabinett ko Spätlese ba a ƙara wata kalma ba, ki sa ran zaƙi fiye da na feinherb. Gutsabfüllung ko Erzeugerabfüllung na nufin wanda ya noma shi ya ɗura. Sunan wuri ma akwai tarko a ciki: Piesporter Goldtröpfchen sanannen gangare ne guda, Piesporter Michelsberg kuwa suna ne na gama-gari da ya haɗa gonaki masu yawa na kewayen, har da na fili. Sannan giyar da aka yi daga Disambar 2023 zuwa yau dole ta bayyana abin da ke cikinta, sau da yawa ta alamar da ake haskawa da waya, a nan za ki ga sukarin kowane mililita 100, ki ninka goma ki sami na lita.

Shi kuwa baƙo, kada ki ce masa "tana da zaƙi" kawai, zai ɗauka irin wadda ake sha bayan abinci ce ya ƙi ta. Kada kuma ki ce "ba ta da zaƙi", zai kurɓa ya ce kin ruɗe shi. Ki ce masa tana da ɗan zaƙin 'ya'yan itace a farko, amma tana ƙarewa da tsami mai wanke baki, kuma ba ta da nauyi. Sannan ki tambaye shi abin da zai ci, don a nan wannan giya ta fi 'yan'uwanta. Barasa mai ƙarfi tana ƙara zafin barkono, ɗan zaƙi da sanyi kuwa suna kwantar da shi, shi ya sa ake haɗa ta da abincin Tailan da na Indiya da duk wani mai yaji. Tana tafiya da kifi, da kaza, da abinci mai gishiri ko mai maiƙo. Da kek ko wani kayan zaƙi ne ba ta shiri, domin duk abin da ya fi ta zaƙi zai bar ta da tsami tsagwaronsa.

Za ki kuma haɗu da baƙin da ba sa shan barasa, Musulmi da masu juna biyu da masu tuƙi da waɗanda likita ya hana. Sauƙin shan wannan giya da zaƙinta kan sa wasu su ɗauke ta kamar lemo, alhali mai kashi 10 ta ninka yawancin giyar hatsi ta kwalba ƙarfi. Kada ki taɓa miƙa ta a matsayin "mai sauƙi" ga wanda ya ce ba ya sha. Wadda aka rubuta wa alkoholfrei ma giya ce da aka cire wa barasa daga baya, kuma doka ta yarda a sami ragowar da bai wuce kashi 0.5 ba, saboda haka ki gaya wa baƙo hakan ya zaɓa da kansa. Abin da babu shakka a kansa shi ne Traubensaft, ruwan inabin da ba a tsima ba, kuma ƙananan gonaki da yawa a Mosel suna matse nasu daga Riesling ɗin. Yana da zaƙi sosai tun da yisti bai taɓa sukarinsa ba, don haka a can akan sirka shi da ruwa mai gas, rabi da rabi.